Wa Zai Yanke Mana Yanzu, Almakashi?

Na Allah ne mu, kuma gare shi za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Da safiyar Laraba, sha tara ga watan Fabrairu, Allah ya karɓi ran abokin aikinmu kuma ɗan'uwanmu, wanda masu sauraron kiɗa suka sani da laƙabin Almakashi, a asibitin da ya kwanta jinyar ciwon zuciya. Ya rasu ya bar mahaifiyarsa da matarsa da 'yarsu ɗaya. Ya kuma bar ni da ƙanena Auta, mu biyun da muka saura a ƙungiyar kiɗan rawa ta Waya Uku.

Almakashi, a cikin cunkoson motoci labarinka ya same ni. Na sauke yara a makaranta ke nan, ina hanyar zuwa wurinka, sai ga kiran matarka. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi dogon bayani ba. Cewa ta yi, "Yaya, kada ki yi sauri. Ya riga ya tafi." Sai na kashe mota a tsakiyar titi, ni da na fi kowa masifa idan wani ya tsaya mini a gaba. Aka yi ta danna mini hon ta ko'ina. Wani direban bas har ya sauko zai zazzage mini ta cikinsa, da ya leƙo ya ga fuskata sai ya koma bayan motata ya tsaya yana karkatar da sauran motoci da hannu. Ban san shi ba, Allah ya saka masa da alheri.

Bayan na dawo hayyacina na nema maka gafara, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne, wa zai gaya wa Auta? Na ɗauki waya, na nemo lambarsa, na kasa dannawa. Ni da ƙanena, ciki ɗaya, rabonmu da magana baki da baki tun kafin ka kwanta asibiti. Kai ne mai kai masa saƙona, kai ne mai dawo mini da amsa, kana rage mata zafi a hanya. Tun ranar nan 'yan jarida ke kirana suna tambaya ko Waya Uku za ta ci gaba. Ba na amsa musu. Tambayar da ke hana ni sukuni ta fi tasu nauyi: yanzu da babu kai, ina da ƙane ko ba ni da shi?

Bari in koma farko, saboda waɗanda a kan dandamali kawai suka san ka. Mun fara ne a wani ɗaki a saman shagon tela, ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai kuka, wanda muka liƙe bangonsa da tsofaffin katifu don kada maƙwabta su kai ƙararmu. Ni ce a kan madannan fiyano, ina haɗa karin waƙa da muryoyi. Auta yana kan kwamfuta da na'urar ganguna, yana gina bugun da ake takawa. Mu biyun muna da hali ɗaya da muka gada a gida, ba mu san "ya isa" ba. In na ɗora sauti ɗaya, Auta ya ɗora biyu don kada nawa ya danne nasa, ni kuma in ƙara uku. Kiɗanmu a lokacin kamar ɗakin ajiya yake, komai akwai a ciki amma babu wurin sa ƙafa.

Kai abokin Auta ne tun makaranta, kana aiki a gidan rediyo, aikinka haɗa tallace-tallace. A can ka koyi abin da mu ba mu koya ba, domin a talla duk abin da mutum zai faɗa dole ya shige cikin ɗan taƙaitaccen lokaci, ko ya so ko ya ƙi. Wata rana da hantsi ka biyo Auta, ka zauna a kan kwalin lasifika, muka kunna maka abin da muke taƙama da shi. Ka saurara har ƙarshe, kanka a sunkuye. Sannan ka ɗago ka ce, "Akwai kiɗa mai daɗi a nan. Amma kun binne shi."

Wallahi saura kaɗan in nuna maka ƙofa. Auta ne ya ce in bari mu ga iya gudun ruwanka. Ka ja kujera gaban kwamfuta ka fara cirewa. Ina tsaye a bayanka ina kallon aikin da na kwashe makonni ina yi yana ɓacewa layi bayan layi, jinina na tafasa. Ka cire muryoyina biyu, ka cire rabin gangunan Auta, ka datse farkon, ka datse ƙarshen. Da ka sake kunnawa, sai muka ji keken ɗinkin da ke ƙasa ya yi shiru. Can sai ga tela a bakin ƙofa, tef ɗin awo rataye a wuyansa, ya ce a mayar masa daga farko. Wannan fa mutumin da kullum yake zungurar silin ɗinsa da sandar tsintsiya ne don mu rage ƙara. Ya ji sau biyu, ya dube ka ya ce, "Kai almakashi ne." Daga ranar sunan ya kama ka, har mahaifiyarka ta koma kiranka da shi.

A makon ne ka sauka ƙasa da makirufo ka naɗi ƙarar keken tela, muka gina kiɗanmu na farko a kanta, ka kuma dage sai an rubuta sunan tela a jikin faifan tare da namu. Kai ne ma ka raɗa mana suna. Ka kwance filogin lasifika ka nuna mana wayoyi ukun da ke ciki: ɗaya tana kawo wuta, ɗaya tana mayar da ita, ta ukun kuma tana kwance shiru, ba a sanin amfaninta sai ranar da wuta ta tashi jan mutum. Ni da Auta muka yi ta gardamar wane ne ta farko a cikinmu. Babu wanda ya yi takara da kai a kan ta ukun.

Har gobe akwai masu cewa kiɗan na'ura ba kiɗa ba ne, danna maɓalli ne kawai, kowa ma zai iya. Ba na ɓata bakina a kansu. Da sun ga yadda kake gwada kiɗa kafin ya fita, da sun kama bakinsu.

Tsallaken titinmu akwai ɗakin motsa jiki, inda wata baiwar Allah da kowa ke kira Koci take tara mata kowace safiya: malaman makaranta, ma'aikatan jinya da suka tashi aiki, 'yan kasuwa, har da kakanni masu ciwon gwiwa. Ka je ka roƙe ta ta riƙa sa musu sabon kiɗanmu tun kafin kowa ya ji shi. Ba ka shiga ciki, ba ka ma leƙawa. Ka ce ba mutunci ba ne namiji ya tsaya kallon iyayensa mata suna zufa. A baranda kake zama, bayanka ga ƙofa, fuskarka ga wani dogon benci inda suke jera gorunan ruwansu. Kiɗa na tashi a ciki, kai kuma kana kallon goruna. Duk lokacin da wata ta fito ta ɗauki gorarta, sai ka sa alama a daidai inda kiɗan ya kai. In mutum ɗaya ce, ka yi shiru. In suka fito su da yawa tare, to wannan gurbin ya mutu, ko nawa ne ko na Auta.

Na yi faɗa da kai a kan wannan ba sau ɗaya ba. Na ce, "Ƙishirwa fa suke ji, ba wani abu ba! Don tsohuwa ta sha ruwa sai a jefar mini da aikin wata guda?" Ka ce, "Yaya, ƙishirwar nan tana tare da ita tun ɗazu. Me ya sa sai a nan ta tuna da ita?" Akwai wata tsohuwar shugabar makaranta mai koriyar gora, wadda na sa wa karan tsana ba tare da ta san ina duniya ba. Karin waƙoƙin da matar nan ta kashe mini sun fi a ƙirga. Kai kuwa in ka hango ta tana fitowa daga tasi sai fuskarka ta washe, ka ce yau babbar alƙaliya ta zo.

Daga wannan bencin kiɗanmu ya kama hanya. Ya fara yawo a wayoyin mutane, ya shiga motocin haya da shagunan aski, sai gidajen rediyo suka fara nemanmu, har da wanda ka bari. Muka tashi daga ƙananan zauruka muka koma filayen ƙwallo. Muka hau jirgi zuwa ƙasashen da ba ma jin yarensu, muka tarar da dubban mutane suna jiranmu, sun haddace inda bugu zai tsaya da inda zai dawo. Faifanmu na biyu ya daɗe a saman waɗanda aka fi saurara har muka daina dubawa. Na uku ya ci babbar lambar yabo. Kamfanin da ya ɗauke mu ya ba mu situdiyo mai sanyi da kujerun fata, da injiniyoyi masu kirki da suka san aikinsu. Ka gode musu, ka yi aiki da su cikin girmamawa, amma ka ce ɗakin saman tela ba za a sake shi ba, kuma babu kiɗan da zai fita sai ya bi ta gaban goruna.

Ranar da muka dawo da lambar yabon, ba gidanka ka fara kai ta ba. Da sassafe ka ajiye ta a kan bencin a tsakiyar goruna, ka jira matan suka fito, ka gaya musu aikin da suka yi shekara da shekaru suna yi mana ba su sani ba. Wasu suka yi shewa, wasu suka rufe baki. Mai koriyar gora ta ɗaga lambar, ta juya ta, ta ajiye, ta ce, "Ashe shi ya sa kiɗan yake gyaruwa. Na farko-farkon nan kam akwai surutu." Ina tsaye a wurin, kuma na san surutun wa take nufi.

A kan dandamali ni ce a hagu ina tsalle, Auta a dama yana zufa, kai a tsakiya bayan teburin haɗa sauti, da baƙar rigarka, ko gyaɗa kai ba ka yi. Wani ɗan jarida ya taɓa rubuta cewa Waya Uku mutum biyu ne da mai gadin kaya. Na so in je in same shi har ofis, ka hana ni, ka yanke shafin ka liƙa a ƙofar firjinka. Bai san cewa abin da jama'a ke biyo mu dominsa daga yatsanka yake fitowa ba. Kiɗa zai yi ta hawa, yana hawa, har ƙirjin mutum ya cika, sai ka ɗauke komai ɗif. Fili guda ya yi tsit, hannaye a sama, ana jin numfashin juna. Kai kaɗai ka san tsawon shirun nan. In ya gaza ba ya kamawa, in ya zarce ya huce. Sannan ka saki bugun, ƙasa ta girgiza. Mutane da yawa sun kwaikwayi wannan salo, amma har yanzu ban ji wanda ya dace da awonka ba.

Sau ɗaya na ga ka ɗauke sauti ba ka mayar ba. Wani wasan la'asar ne a filin ƙwallo, rana ba ta faɗi ba, jama'a sun yi maƙil. Ka hango wata yarinya a sahun gaba an matse ta da shingen ƙarfe, kanta ya langaɓe. Ka kashe komai. Mutane suka ɗauka salon da suka saba ne, suka ɗaga hannu suna jira. Sai ka ja makirufona, kai da ba a taɓa jin muryarka a dandamali ba, ka ce, "Don Allah kowa ya ɗan ja baya. Akwai 'yar'uwarku a nan gaba da numfashi ya yi wa wuya. Ba za mu ci gaba ba sai ta tashi." Suka ja. Aka fito da ita, aka yi mata fifita, ta farfaɗo. Tun daga ranar ka sa a cikin sharuɗɗanmu cewa dole a riƙa raba ruwa a sahun gaba. Masu gadin da ake tsayarwa a gaban manyan lasifikoki kuwa, kai da kanka kake bi kana raba musu abin toshe kunne kafin a fara, kana ce musu su adana kunnen don su ji hirar jikokinsu da shi.

Matasa masu tasowa ba sa barin wayarka ta huta. Ba ka taɓa katse kiɗan kowa a tsakiya ba, duk muninsa. Sai ka ji har ƙarshe, ka fara da faɗin abin da ya yi kyau, sannan ka nuna inda ya yi kitse. Da yawa daga cikin masu tashe a yau ta hannunka suka bi, kuma ba ka yarda a sa sunanka ba. Wani babban kamfani na ƙetare ya taɓa aiko mutum takanas don ya ɗauke ka kai kaɗai. Ka ba shi shayi, ka raka shi har mota, ka dawo ka ce mana, "A can kiɗansu a share yake zuwa. Wa zai riƙa tara mini shara mai albarka irin taku?" A gida kuma almakashin a aljihu yake kwana. 'Yarka tana koyon fiyano, za ka zauna ka ji ta tana maimaita kuskure ɗaya har ta gaji, ba ka gyara mata ba. In matarka ta yi magana sai ka ce a gida hutu kake yi.

Amma babban alherin da ka yi mini, sai yanzu nake ganin girmansa. Ba ka taɓa yanke nawa ka bar na Auta lafiya ba. In ka cire mini murya, Auta ya fara murmushin mugunta, kafin ya rufe baki ka datse masa ganga. Sai mu tashi mu biyun rai a ɓace, mu sauka matakala muna ƙunƙuni, mu shiga mota ɗaya. Tun daga bakin shagon tela har ƙofar gidan mahaifiyarmu kai ne abin hirarmu: wai shi me ya ɗauki kansa, wai kunnen ƙashi gare shi, wai gobe sai mun mayar da abinmu ko ya mutu. Mu wanke ka tas, mu yi dariya har hawaye, mu tsaya a hanya mu sayi abin taɓawa. A cikin motar nan muke komawa yaya da ƙane. Ka san muna yi, domin Auta ba ya iya riƙe magana. Washegari ka tarbe mu da fara'a, ka tambaye mu ko mun huce. Shekaru ka yi kana ɗaukar fushin mutum biyu a kanka don kada su sauke shi a kan juna.

Shi ya sa abin da ka fara yi bara ya ɗaure mana kai. Muna aikin faifai na huɗu, sai ka daina yankewa. Za mu kunna maka kiɗa, ka saurara har ƙarshe kamar kullum, sannan ka harɗe hannu ka ce, "Ya yi tsawo. Ku rage." Mu ce to bismilla, ga kujera. Ka ce a'a, mu yi da kanmu. Ni na ɗauka girman kai ne ya kama ka a ƙarshe, Auta kuma ya ɗauka wata ƙungiyar ce take zawarcinka. Mun lura kana tsayawa hutu a tsakiyar matakala kana riƙe ƙarfe, amma muka ce ƙiba ce, har muna tsokanarka.

Kiɗan ƙarshe na faifan shi ya kai mu bango. Na sa wata sarewa a tsakiyarsa wadda nake ji da ita, Auta kuma ya shimfiɗa wani dogon jerin ganguna kafin ƙarshe. Ya ce sarewata ta yi yawa. Na ce gangarsa ta yi tsawo. Muka juyo gare ka, ka ɗaga kai kana kallon silin. Daga nan magana ta bar kiɗa ta koma gida. Ya ce tun muna yara ba na jin muryar kowa sai tawa. Na ce ba don ni ba da har yanzu yana kaɗa bokitin wanki a tsakar gida. Ya tono zancen lokacin jinyar mahaifinmu, ni ma na tono nawa, irin maganganun da 'yan ciki ɗaya ne kawai suka san inda ake ajiye su. Ya ɗauki makullin motarsa ya fice. Na juyo kanka na ce, "Kai kuma kana zaune kana kallo?" Ka ce, "Ina kallo, Yaya." Idanunka sun yi ja, a lokacin na zaci haushinmu kake ji.

Ba a daɗe ba ka yanke jiki ka faɗi a kan matakalar nan, tela da maƙwabta suka kai ka asibiti. A can muka ji abin da kai da matarka kuka daɗe da sani: tun kafin mu fara faifan likitoci suka gaya maka zuciyar ta gaji. Ko wannan bai haɗa ni da Auta ba, taurin kanmu na gado ne. Matarka ce ta raba mana lokaci, ni da safe, shi da yamma. In zo in tarar da lemon da ya kawo a kan durowa, shi kuma ya tarar da filas ɗina. Kana kwance da robar iska a hanci, kana ce mini, "Ƙanenki ya ce a gaishe ki." Na san bai ce ba. Na kuma san shi ma irin wannan kake gaya masa.

Ranar Litinin ɗin ƙarshe na zo da kwamfuta a jaka. Na ce tunda ka ɗan sami sauƙi, ka taimaka ka yanke mana kiɗan nan kowa ya huta, ai hukuncinka ba a ɗaukaka ƙara. Na ɗora ta a kan cinyarka, na sa maka abin ji a kunne. Ka saurara har ƙarshe, idonka a rufe, yatsanka yana motsi a kan bargo a daidai wuraren da na san zai motsa. Da ya ƙare ka rufe kwamfutar a hankali ka miƙo mini.

Ka ce, "Na san inda zan yanke. Ke ma kin sani. Shi ma ya sani."

Na ce, "To me ya hana ka?"

Ka ce, "Yaya, nan gaba ba da ni za ki zauna a ɗakin can ba."

Na daka maka tsawa na ce ka daina irin wannan magana. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, ma'aikaciyar jinya ta shigo ta kore ni. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Washegari barci na tarar kana yi, ban tashe ka ba.

A zaman makoki gidanka ya cika ya tumbatsa. Makaɗa sun zo, masu gadi sun zo, tela ya rufe shago, Koci ta zo da matanta. Ni ina wannan kusurwa, Auta yana waccan, mutane suna bi suna yi mana gaisuwa daban-daban kamar ba gida ɗaya muka fito ba. Da jama'a suka ragu matarka ta ja ni kicin, ta ce akwai maganar da ka sha faɗa mata a watannin nan. Ka ce kana tsoron ka cuce mu ba da niyya ba: ka daɗe tsaye a tsakaninmu har mun saba kallonka, mun manta yadda ake kallon juna. Ka ce gara mu yi faɗan tun kana raye, ko Allah zai sa ka ga sulhun da idonka. Ta ce kullum da yamma, in Auta ya fita, sai ka tambaye ta ko mun haɗu a barandar asibiti yau, kullum kuma ta ce maka a'a.

Ba ka cuce mu ba, Almakashi. Na yi gardama da hukuncinka sau da yawa, daga baya in gane kai ne da gaskiya, amma wannan ba zan taɓa yarda da shi ba. Ka ba mu shekarun da mu kaɗai ba za mu kai ko rabinsu tare ba. Ka ɗauki hayaniyar 'yan gida ɗaya ka mayar da ita abin da mutanen da ba su san mu ba suke taka rawa da shi. Abin da ke ci mini rai shi ne ka tafi ba ka ga abin da ka kwanta kana jira ba. Ina kewarka ƙwarai, ɗan'uwana.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yafe masa kurakuransa na sarari da na ɓoye. Ka sa ciwon da ya ɗauka shiru ya zama kankarar zunubansa. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Ka sanya a mizaninsa alherin da ya yi wa waɗanda suka sani da waɗanda ba su sani ba, ka sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, mahaifiyarsa, wadda ba ta taɓa zuwa wasanmu ba saboda ƙara, amma ba mu taɓa hawa jirgi ba sai ta kira ta yi mana addu'a ɗaya bayan ɗaya. Mama, Allah ya ba ki haƙurin wannan babban rashi. Ga matarsa, ƙanwata ta zumunci, wadda ta ɗauki sirrin ciwonsa ita kaɗai tana yi mana murmushi, Allah ya saka miki da mafificin alheri, ya zama gatanki. Ga 'yarmu, Allah ya raya ki, ya yi miki albarka; ki sani kina da gwaggo mai faɗa da za ta tsaya miki muddin tana numfashi. Ga masoyan Waya Uku a duk inda kuke, mun ga saƙonninku, mun gode, ku sa shi a addu'a.

Saura kai, Auta. Kowa ya yi maka gaisuwa, ni ce ban yi maka ba. Ya haƙuri, ƙanena? Abokinka ne tun kafin ya zama nawa, kai ka kawo shi gidanmu, kuma na ga yadda ka tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa na asibiti ranar da ya rasu ka kasa shiga. Allah ya ba ka haƙuri, ya sanyaya maka zuciya.

Jiya da safe na hau benen shagon tela ni kaɗai, na kunna kiɗan na saurara har ƙarshe. Sarewar ta yi yawa. Na cire ta da hannuna. Gangarka ma ta yi tsawo, wannan ba zan fasa faɗa ba, amma ban taɓa ta ba, aikinka ne. Gobe ma ina can, kuma ƙofa a buɗe za ka same ta. In faɗan ne, ka zo mu yi abinmu mu gama.

Ka zo, Auta. Ba ni da wani ƙanen.